Katunan wasa na tarawa: tambayoyin da ake yi mana a Garwa da amsoshinsu

Ba mu da yawa, mu masu wannan wasa a Garwa. Ran Lahadi bayan la'asar muke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wata darbejiya, kowa ya fito da katunansa, mai shayi yana gefe. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya leƙa, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, daga ɗan makaranta har dattijon da ya ga ɗansa yana ɓoye katuna a cikin littafi. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya.

Wai mene ne bambancinsa da karta ko Whot?

A karta, katuna 52 ne, an san su duka, kuma daga tari ɗaya ake raba wa kowa. Haka ma Whot. A nan kuwa kowa da nasa tarin yake zuwa, mu muna ce masa dami. Kai ka zaɓi katunan da ke ciki tun daga gida, cikin dubban katunan da kamfani ya buga, abokin karawarka ma haka. Rabin wasan ke nan an yi shi kafin a zauna. Ana sayen katunan a cikin fakiti a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yaga, sannan a yi musaya tsakanin 'yan wasa.

Wanda ya fara fito da wannan tsari wani masanin lissafi ne ɗan Amurka, Richard Garfield, da wasansa Magic: The Gathering, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993.

Waɗanne ne suka fi shahara?

Uku ne. Magic shi ne yayansu: dami ba ya gaza kati 60, kowane ɗan wasa yana farawa da rai 20, wato makin da idan suka ƙare ka faɗi. Pokémon ya fito a Japan a 1996, ya isa Amurka a 1999, daminsa 60 cif. Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami ya fito a Japan a 1999, daminsa daga 40 zuwa 60, rai kuma 8000. A nan wajenmu Pokémon da Yu-Gi-Oh! yara suka fi sani, saboda sun fara ganinsu a talabijin, kuma yawancin katunan da ke shigowa da Faransanci aka rubuta su. Idan ka ga PV a inda wasu katuna ke da HP, wato alamar yawan ran dabba, kada hankalinka ya tashi, bugun Faransanci ne.

Ta yaya mai tsara kati yake sanin bai yi ƙarfi da yawa ba?

Kowane allazi da nasa amanu. Duk kati yana da abin da yake ba ka, yana da abin da yake karɓa a hannunka, aikin mai tsarawa shi ne ya ɗora biyun a kan ma'auni. A Magic abin da ake biya sunansa mana, ba "mana" ɗinmu na "zo mana" ba. Kuzari ne da kake samu daga katunan ƙasa, kuma a ƙa'ida ƙasa ɗaya kake ajiyewa a kowane zagaye. Saboda haka a zagayen farko mana ɗaya gare ka, a na biyar watakila biyar. Dodon da ake biyan shida kafin a fito da shi dole ya fi wanda ake biyan biyu, amma kafin ka kai shidan mai ƙananan dabbobi ya riga ya yi maka ɓarna. A Pokémon kuma katin kuzari ɗaya kake liƙa wa dabbarka a kowane zagaye, sannan manyan dabbobi sai sun bi matakan girma.

Matsalar ita ce ba duk abubuwa ne suke auna daidai ba, ko da lambarsu ɗaya. Bugun farko na Magic ya koya wa kowa wannan darasi. Garfield ya yi katuna biyar, ɗaya ga kowanne daga launuka biyar na wasan, kowanne mana ɗaya, kowanne yana ba da uku na wani abu. Fari yana ƙara rai uku. Ja, wato Lightning Bolt, yana yin ɓarna uku. Kore yana ƙara wa dabba ƙarfi uku na zagaye ɗaya. Baƙi yana ba da mana uku nan take. Shuɗi, Ancestral Recall, yana ba ka damar jan kati uku. A takarda kamar an raba gado da adalci. A kan tabarma kuwa na farin ba mai waiwayarsa a gasa, jan ya zama abin da kowa ke so har yau, shuɗin kuma ya shiga cikin katuna tara mafiya ƙarfi a tarihin wasan, har a gasar da aka yarda da shi guda ɗaya tak ake bari ka sa. Rai uku yana jinkirta faɗuwarka ne kawai, amma kati uku hanyoyi uku ne sababbi na cin wasa.

To Yu-Gi-Oh! da ba a biyan komai fa?

Nan ne ma'aunin ya fi wuyar riƙewa. Ba mana, ba kuzari. Takunkumin da ke akwai shi ne dodo ɗaya ake kira ta hanyar da aka saba a zagaye, manya kuma sai an sadaukar da ƙanana. Sauran nauyin duk yana kan sharuɗɗan da aka rubuta a jikin katin, shi ya sa rubutunsu ya yi ta tsawo har sai ka kanne ido. Akwai wani kati, Pot of Greed, aikinsa layi ɗaya ne: ja kati biyu. Ka ba da ɗaya, ka karɓi biyu, ba ka biya komai ba. Babu damin da zai ƙi shi, don haka aka haramta shi a gasa, ya kuma shekara da shekaru a haramce.

Wa ke yanke cewa wannan kati mai wuyar samu ne?

Kamfani, kuma a ɗakin ɗab'i ake yankewa. Ƙarancin kati ba irin na zinariya ba ne da sai an haƙa ƙasa. Takarda ɗaya ce, tawada ɗaya, an dai buga wani da yawa, an buga wani kaɗan.

Ga yadda Magic ya daɗe yana yi kafin 2024. Fakiti kati 15 ne: ɗaya mai wuyar samu, uku matsakaita, sauran gama-gari. Ana buga katunan a babban faifan takarda mai layi 11 tsaye da 11 kwance, kati 121 ke nan, sannan a yanka. A 2008 aka ƙaro mataki na huɗu, na ƙoli. A babban bugu na wancan zamani, faifan masu wuyar samu yana ɗauke da kati 53 kowanne sau biyu, da na ƙoli 15 kowanne sau ɗaya. Haɗa ka gani: 106 da 15, 121. Ma'ana kusan fakiti ɗaya cikin takwas ne ke da na ƙoli, amma idan wani takamaimai kake nema, ɗaya cikin 121 ne. A lokacin kwali guda fakiti 36 ne. Sai ka yaga kwali uku da ɗoriya kafin lissafi ya ce ka kai, kuma lissafi bai yi maka alkawari ba.

Alamar tana jikin katin. A Magic launin tambarin bugu ne: baƙi, azurfa, zinariya, da ja mai ruwan lemo. A Pokémon duba ƙasa a kusurwa: da'ira gama-gari, mai kusurwa huɗu a karkace matsakaici, tauraro mai wuyar samu.

Ke nan mai wuyar samu ya fi ƙarfi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin kuɗin yara, don haka bari in daɗe a kanta. Ƙaranci daban, ƙarfi daban, tsada daban. Wani lokaci su haɗu a kati ɗaya, sau da yawa ba sa haɗuwa.

Lightning Bolt da na ambata gama-gari ne a bugun farko. A Pokémon na farko, katin da kowane yaro ke mafarki shi ne Charizard, mai ƙyalli, rai 120, duka ɗaya ya yi ɓarna 100. Amma sai ka bi matakai biyu kafin ka kai gare shi, ka tara masa kuzari huɗu, kuma duk bugu sai ka zubar da biyu. Masu cin gasa a lokacin ba shi suke sawa ba. Suna sa irin su Hitmonchan da ke fara duka da kuzari ɗaya, su cika dami da katunan taimako kamar Bill, gama-gari mai jan kati biyu, da Professor Oak, matsakaici mai ba ka sabon hannu na kati bakwai, da Energy Removal, gama-gari mai cire wa abokin gaba kuzari. Mai Charizard yana ta tara itace, an riga an kashe masa wuta.

Masu tsarawa suna amfani da ƙaranci don wasu dalilai na gaskiya. Kati mai dogon bayani da rikitarwa ana kai shi sama, don sabon shiga, wanda yawancin abin da zai gani gama-gari ne, kada ya firgita. Kati mai share fage gaba ɗaya ma ana kai shi sama, don kada ya riƙa fitowa a kowane wasa. Waɗannan hujjoji ne masu kyau.

Amma ba zan wanke kamfanoni tas ba. Su ma sun san fakiti suke sayarwa, kuma idan katin da kowa ke buƙata guda huɗu ya zauna a matakin ƙoli, mutane za su yi ta yaga. Shi kansa Garfield da farko ya ɗauka ƙaranci zai iya zama linzami, wai mutum zai sayi 'yan fakitoci kaɗan, kati mai ƙarfi ya bayyana jefi-jefi a cikin abokai. Bai yi zaton za a sami masu sayen kwalaye ba. Da mai kuɗi ya shigo, linzamin ya tsinke, dole aka kawo dokar kada kati ɗaya ya wuce huɗu a dami.

Me ya sa fakiti ke cike da katunan banza?

Mark Rosewater, wanda ya daɗe yana shugabantar masu tsara Magic, ya yi dogon rubutu kan wannan. Abin da na riƙe a ciki: ba zai yiwu duk katuna su zama na gaba ba, tunda da zarar an jera su wani zai zama na baya. Kuma ba kowane kati aka yi don kai ba. Akwai mai son katon dodo ko da zai faɗi, akwai mai son ƙulla dabara da katin da kowa ya raina, akwai wanda nasara kawai ya sani. A tabarmarmu ma ukun suna nan, kuma na biyun ne ya fi ba mu dariya, don sau ɗaya cikin goma dabararsa ke ci, amma ranar sai unguwa ta ji.

Akwai kuma salon wasan da ake zama mutum takwas, kowa ya buɗe fakiti uku ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki kati guda ya miƙa saura ga na gefensa, a ƙarshe ya haɗa dami na kati 40. A nan katin da ka kira na banza shi ne tuwon yau da kullum.

Idan suka yi kuskure fa, kati ya fi ƙarfin wasan?

Ba a iya kiran takardar da ta riga ta shiga duniya a gyara, sai dai a hana. A 2004 Magic ya fitar da Skullclamp, matsakaicin kati, ba ma mai wuyar samu ba. Ana ɗaura shi wa dabba, ya ƙara mata ƙarfin duka ɗaya, ya rage mata juriya ɗaya, idan ta mutu ka ja kati biyu. Ragin juriyar kamar aibi ne, ashe nan ƙarfin yake: ɗaura wa ƙaramar dabba mai juriya ɗaya, ta mutu nan take, ka ja biyu da mana ɗaya, ka sake. Cikin 'yan watanni aka hana shi. A 2019 kuma Oko, na matakin ƙoli, ya fito a watan Oktoba, kafin Nuwamba ya ƙare an kore shi daga babbar gasarsu. Wanda ya sayi huɗu da tsada ya kwana da takaici.

Konami ba ya tsayawa kan hani kawai, yana da matakai: haramtacce, guda ɗaya, guda biyu, maimakon ukun da aka saba. Kada ka raina wannan. A dami na 40, idan kana da kati sau uku, damar ka gan shi cikin biyar ɗin farko kusan 34 cikin 100 ce. Idan guda ɗaya ne, 12.5 ce. A Magic, huɗu cikin 60 da hannun farko na bakwai kusan 40 cikin 100 ne, guda ɗaya kuwa bai kai 12 ba. Ba a taɓa rubutun katin ba, amma an rage masa zuwa fage.

Katunan yayana na da, me ya sa ba sa iya komai yanzu?

Saboda kamfani yana son a sayi na bana, kuma hanya mafi sauƙi ita ce na bana ya ɗan fi na bara. Kaɗan-kaɗan, kamar yadda Binuwai ke cika da damina. Rai 120 shi ne ƙoli a Pokémon na farko, yanzu akwai masu sama da 300. Magic da Pokémon suna rage wannan da juyi: a babbar gasa bugun 'yan shekarun nan kawai ake karɓa, tsofaffi su koma wasu gasanni. Yu-Gi-Oh! ba ya juyi, shi ya sa jerin haninsa ya yi tsawo, wasan kuma ya yi saurin da wani lokaci zagaye biyu ko uku an gama.

Da gaske akwai katin da ya fi gida tsada?

Akwai. Black Lotus na bugun farko na Magic kusan guda 1,100 aka buga, ba a biyan komai a fito da shi, yana ba da mana uku. A 1995 kamfanin ya sake buga wasu tsofaffin katuna da yawa, farashinsu ya faɗi, masu tarawa suka yi ca. Sai a 1996 ya fitar da jerin katunan da ya yi alkawarin ba zai ƙara bugawa ba, Black Lotus na ciki. A Pokémon kuma akwai Pikachu Illustrator, wanda aka raba a matsayin kyautar gasar zane a Japan. Logan Paul ya mallaki ɗaya a 2021 kan dalar Amurka miliyan 5.275, alhali katin ba ya yin komai a wasa. Lafiyar takarda ma kuɗi ce: kamfanoni irin su PSA suna duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10, lanƙwasa ɗaya a kusurwa sai ta zubar da yawancin darajarsa.

Kada dai wannan ya sa ka fara lissafin mota da katin da ka tsinta a kasuwa.

Hotunan 'yan ƙwallo na Panini ma irinsu ne?

'Yan'uwa ne, amma ba a karawa da su, liƙawa ake yi a kundi. Panini na birnin Modena ne a Italiya, kuma tun 1970 yake fitar da kundin Kofin Duniya. Na 2022 yana da gurbi 670, fakiti kuma hoto biyar. Kamfanin ya ce daidai wa daida yake buga su. Ko da haka ne, lissafi ya nuna mai cika kundi shi kaɗai ba tare da musaya ba zai buƙaci fakiti wajen 950, domin na ƙarshe-ƙarshen ne ke wahalarwa. Yaron da ya rasa hoton Vincent Aboubakar, ɗan garinmu, zai rantse ɓoye shi aka yi, alhali wani a Yelwa yana da uku.

Malam, ɗana yana kashe kuɗin tara a kan wannan. Ba caca ba ce?

Baba, tambayarka a kan hanya take. Wasan kansa na tunani ne kamar dara, kuma mu ba ma sa ko sisi a tabarma. Magic na farko yana da dokar kowa ya ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya ɗauke, daga baya aka watsar da ita saboda ta yi kama da caca. Inda maganar take shi ne fakitin da ke rufe: ka biya kuɗi sananne, ka karɓi abin da ba ka san darajarsa ba. Malaman fiƙihu suna da babin garari, irin sayar da kifi yana cikin ruwa, kuma a 2001 malaman Saudiyya sun hana katunan Pokémon, caca na cikin dalilan da suka kawo. Beljiyam ma a 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na wasannin bidiyo a matsayin caca. Hukunci na malaminka ne. Abin da nake gaya wa yaranmu shi ne su sayi kati a buɗe, suna ganinsa, an yi ciniki, ko su yi musaya a gaban babba. Ya fi araha nesa ba kusa ba. A Magic har akwai salon gasar da gama-gari kawai ake sawa.

Yaya zan gane jabu, kuma yaya zan adana na gaske?

Araha ba ta ado. Idan aka ba ka fakiti a kan 'yan sefa kaɗan, ka buɗe ka ga duk ƙyalli, kowane dodo da rai dubu, ka san amsar. Na gaske yana da siririn layi mai duhu a tsakiyar kaurin takardar, jabu kuwa haske yakan ratsa shi sosai idan ka ɗora a fitilar waya. Rubutunsa yakan yi dishi-dishi, launin bayansa ya kauce. Katin Magic da na Pokémon milimita 63 ne da 88, na Yu-Gi-Oh! 59 da 86. Don wasa tsakaninmu ba ma korar mai jabu, muddin lambobin na asali ne kuma ya faɗa. Sayar da shi da sunan na gaske ne ha'inci.

Wajen adanawa, yanayinmu ba ya tausayi. Da hunturu iska ta bushe, katuna masu ƙyalli su lanƙwashe, da damina su juya ɗaya gefen, saboda takarda tana sha tana fitar da laima, fatar ƙyallin kuwa ba ta motsi. Sa su a rigar leda, a cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da gara. Kada ka ɗaure da roba, tana cin gefe.

Mu ma za mu iya ƙirƙirar namu?

Mun ma fara, da kwalin sabulu da almakashi. Zaki, kura, giwa, dorinar Binuwai, Gizo da Ƙoƙi, ɗan dambe, maharbi, sarkin ruwa. Abin biya muka sa masa suna hatsi, dami ɗaya na gero a kowane zagaye. Mun fara da ma'auni mai sauƙi: dabbar hatsi biyu, duka biyu, juriya biyu, ba wata baiwa. Duk baiwar da aka ƙara sai a rage lamba ko a ƙara farashi. Mun yi kati 60 kawai, kowa yana iya kwafar wanda yake so, saboda haka babu mai wuyar samu, babu mai kuɗi.

Duk da haka mun faɗa ramin da manya suka faɗa. Mun ba Gizo hatsi ɗaya, muka rubuta masa cewa duk lokacin da ya shigo zai saci kati ɗaya daga hannun abokin gaba. Mun ɗauka ƙaramin abu ne, tunda dukansa ɗaya ne, iska ma za ta kayar da shi. Mako biyu kowa ya zo da Gizo huɗu, giwa mai hatsi bakwai ba ta ƙara taka tabarma ba, don kafin a tara kuɗinta an sace ta daga hannu. Muka mayar da shi hatsi uku, sai kowa ya ajiye shi. Yanzu yana biyu, yana leƙa hannun abokin gaba amma ba ya ɗauka, kuma ran Lahadin nan za mu gwada ko a bar shi ya ɗauka idan Ƙoƙi tana fage.